Haƙorin Zomanya

Shagon Baba ba shi da faɗi. Idan mutum uku suka shigo, sai dai na huɗu ya tsaya a bakin ƙofa yana miƙo agogonsa ta saman kafaɗun mutane. Amma bangon nan uku cike suke da agogo tun daga ƙasa har rufi, kuma babu biyu da suka yarda da juna. Wannan ya ce ƙarfe tara, na kusa da shi ya ce sha ɗaya da rabi, wani kuma ya tsaya a kan biyu tun ina firamare, mai shi bai dawo ba har yau. Idan rana ta karkata, haske kan bugi gilasansu ya watsu a rufi, ƙananan ɗigo masu iyo kamar kifaye. In na daɗe ina kallo sai in ji kamar a ƙarƙashin ruwa shagon yake, motocin titi kuma can sama suke wucewa.

Wata bakwai ke nan da na gama jami'a ina jiran aiki. Aikin bai zo ba, don haka kullum da rana nake zuwa in zauna a lungun shagon, in goge gilasai, in wana agogon bango, in yi ta kallon kifayena. A gida Shiru-shiru ake ce mini. Yayata ta ce ranar da aka haife ni ma sai da ungozoma ta roƙe ni kafin na yi kuka. Shekara huɗu a jami'a ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, ko da na san amsa. Magana takan zo mini har maƙogwaro, ta leƙa waje, ta koma.

Duk maganar da na bari, 'yar yayata ce ta kwashe. Shekararta takwas. Daga makaranta shagon take wucewa, ta jira uwarta ta tashi daga aiki. Bara ta yi famfara, haƙoran gaba biyu suka zube, sababbi suka fito manya farare, sun fi ƙarfin fuskarta. Tun lokacin Baba ya laƙaba mata Zomanya. Ita kuma Tsoho take ce masa.

"Zomanya, rufe bakin nan kar ki gwaguye mini teburi."

"Hassada ce kawai, Tsoho. Naka nawa suka rage? Buɗe in gani."

"Sun ishe ni cinye rabonki."

Ranar da abin ya faru, tunanin abokiyar ɗakina ta jami'a nake yi. Likitancin haƙori ta karanta, kuma ba ta iya karatu a zuci ba. Sai ta miƙe tana kai da kawo a ɗaki, tana karanta wa bango da ƙarfi, har muka sa mata Rediyo. Ni kuwa ina guga ko ina tsifar kai, ban taɓa ce mata ta yi shiru ba. Shekara huɗu maganarta tana zuba a kunnena kamar ruwan indararo, ban san akwai abin da ya taru ba.

A saman bangon hagu akwai wani agogon katako mai kamar ɗan gida. Duk awa sai wata 'yar ƙofa ta buɗe, tsuntsu ya leƙo ya yi kuka ya koma. Zomanya ta daɗe tana son ta ga abin da tsuntsun yake yi a ciki kafin a buɗe masa. Baba ya sunkuya a kan aikinsa, ni ina can cikin rufi tare da kifaye. Ba wanda ya ga lokacin da ta jawo benci ta hau, ta ɗage a kan yatsun ƙafa. Tsuntsun ya fito daidai hancinta. Ta zabura, bencin ya goce, bakinta ya daki gefen teburin Baba.

Da farko ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa, hannu a baki, idanu a buɗe, agogon shagon duka suna ta maganarsu kamar yayyafi a kan kwano. Sai jini ya biyo tsakanin yatsunta. A nan ta saki ƙara.

Na ɗauke ta na ɗora a cinya, na ciro hankici mai tsabta daga jakata na danne wurin. Da na ɗaga leɓenta na sama, haƙori ɗaya ne a gaba. Inda ɗan'uwansa yake, rami ne ja.

"Innalillahi," in ji Baba. Sannan ya faɗi abin da yake faɗi duk lokacin da ƙaramin ƙarfe ya faɗi ƙasa: "Kar wanda ya motsa ƙafa."

Ya maƙala gilashin nan nasa mai ƙara girma a ido ɗaya, ya durƙusa, ya bi siminti taku-taku. Baba bai taɓa ɓatar da abu a shagon nan ba, ko da ya kai ƙwayar yashi ƙanƙanta. Can ƙarƙashin kabad ya zura hantsaki ya fito da shi. Ban taɓa sanin haƙori yana da tsawo haka ba. Farin da muka saba gani kaɗan ne, sauran doguwar saiwa ce mai ruwan hoda, da ɗan ƙasa a jikinta.

"Ga shi, bai karye ba," in ji Baba. "Amma ya kwashi datti. Bari in wanke shi fes, in naɗe a takarda mu kai wa likita."

Ya koma kujerarsa, ya jawo fitila, ya shimfiɗa farin ƙyallensa. Ya buɗe 'yar kwalbar ruwan wankin ƙarfe, warin fetur ya cika shagon. Ya ɗauki buroshi. Shekara arba'in dokarsa ɗaya ce: ba a mayar da abu cikin agogo da datti, ba a mayar da shi da danshi.

Sai na ji muryar Rediyo, sarai, kamar tana kai da kawo a bayana. A riƙe shi ta farin kansa. Kar a taɓa saiwar. Kar a goge, kar a kankare, kar a bari ya bushe.

Na sani. Tun kafin ya ɗaga buroshin na sani. Amma Baba ne, a kan teburinsa, cikin aikinsa, inda ko yayata mai bakin tsiya ba ta sa masa baki. Maganar ta zo maƙogwaro ta tsaya. Buroshin ya bi jikin saiwar sau ɗaya. Na buɗe baki. Ya sake bi. Sannan hantsakin ya ɗaga haƙorin ya nufi bakin kwalbar.

Ban san lokacin da na ajiye Zomanya ba. Na dai ga hannuna ya damƙe wuyan hannun Baba, a kan agogonsa. Rabon da in riƙe hannunsa tun ina ƙarama yana tsallakar da ni titi.

"Baba, a'a."

Ya ɗago, ido ɗaya ƙato a bayan gilashi, ɗaya ƙarami.

"Kar ka sa shi a ciki. Kar ka ƙara goge shi. Saiwar tana da rai."

"Ke, haƙori ne fa. Ƙashi ne."

"Akwai wata fata siririya a jikin saiwar. Ita ce za ta kama in an mayar da shi. In ta bushe ko aka kankare ta, shi ke nan."

"Mayarwa ake yi?"

"Na yarinta ba a mayarwa. Wannan na girma ne, Baba. Babu wani a bayansa."

Ya kawo haƙorin ƙarƙashin fitila ya duba, yadda yake duba cikin agogon da bai taɓa buɗe irinsa ba.

"Akwai wani abu kuwa," ya ce a hankali. Ya rufe kwalbar, ya tura ta can ƙarshen teburi. "To, me ake yi?"

Bai taɓa yi mini wannan tambayar ba.

"Madara," na ce. Na leƙa ƙofa na ƙwala wa maƙwabcinmu mai kanti kira, na ce ya kawo madarar ruwa mai sanyi, ta kwali, yanzu-yanzu. Ya shigo da gudu da kwalin a hannu yana waige-waige.

"Wa ya yi kiran nan? Ke? Ashe kina da murya!" Sai ya ga jinin, ya haɗiye sauran dariyar, ya yaga bakin kwalin da kansa.

Na ɗauraye kofin shayin Baba na zuba madarar. Na ce ya ajiye hantsaki ya wanke hannu. Ya riƙe haƙorin ta farin kansa da yatsu biyu, ya tsoma, ya kaɗa a hankali. Ƙasar ta saki, madarar ta ɗan yi ja. Haƙorin ya kwanta a gindin kofin ya ɓace cikin fari, sai inuwarsa kaɗai.

"A haka za mu iya kai shi asibiti," na ce. "Amma abin da ya fi, a mayar da shi yanzu. Kowane minti a waje ragi ne."

"To mayar."

Na duba hannuwana. Rawa suke yi kamar ba nawa ba. Na duba na Baba. Tsofaffi ne, jijiyoyi sun fito, amma ko gashi bai motsa a kansu ba.

"Kai za ka mayar, Baba."

Zomanya ta daina ihu, sai shessheƙa. Na sake ɗora ta a cinya, na jingina kanta a ƙirjina, na ɗaga haɓarta.

"Anti Shiru, zai yi zafi?" Maganar tana fita da iska ta giɓin.

"Zai yi, kaɗan. Matse hannuna."

Ta juya jajayen idanunta kan kakanta. "Tsoho, in ka sa mini shi a juye, ba zan yafe ba."

"Shekara arba'in ban taɓa sa hannun agogo a juye ba. A kanki zan fara? Buɗe."

Ya tsamo haƙorin daga madarar, ya kalli wanda ya rage a bakinta, ya kalli na hannunsa, ya juyo da santsin fuskar haƙorin waje. Ya saita saiwar a bakin ramin. Ya riƙe numfashi, yadda yake yi in zai ɗora ƙarfen da ya fi gashi sirantaka, ya tura a hankali, a hankali. Farcen Zomanya ya shige tafin hannuna. Haƙorin ya yi ta shiga har tsawonsa ya zo daidai da na ɗan'uwansa. Na ninke wani gefen hankicin mai tsabta na sa mata, na ce ta cije a hankali kar ta saki.

Muka hau tasi zuwa asibiti. Garin yana wucewa ta taga kamar ana jan zane: masu sayar da takalma, wata mata da laima, tattabaru a kan waya. Zomanya ta lumshe ido, hankici a baki kamar ta kamo farin tsuntsu. Kofin madarar yana hannun Baba. Babu komai a ciki sai madara, amma ya taho da shi, yana tallafe da shi duk inda motar ta faɗa rami.

Likitar haƙorin mace ce mai ƙaramar murya da tabarau a goshi. Ta cire hankicin ta duba, ta ɗaga gira.

"Wa ya mayar?"

"Ni," in ji Baba. "Ita ta ce."

"Ƙarfe nawa ya fita?"

"Huɗu saura minti bakwai. Tsuntsun ya yi kukan ƙarfe huɗu, amma yana gudu da minti bakwai."

Likitar ta dube ni. Na ce gyaran agogo yake yi.

"Ya koma huɗu da minti huɗu," in ji Baba. "Minti sha ɗaya."

"Da kowa zai zo mini da irin wannan amsa, da na huta." Ta yi murmushi. "An goge saiwar?"

Fankar rufi tana juyawa.

"Sau biyu," na ce. "Da buroshi, a bushe. Gefe ɗaya."

"Ni na goge," in ji Baba, yana kallon kofin.

Ta gyaɗa kai, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta yi allurar kashe zafi, ta ɗaure shi da na kusa da shi da wata siririyar waya. Ta ce abinci mai laushi na mako biyu, ban da gatsa da haƙoran gaba har sai ta ce, ga magani, ga na kurkure baki. Sannan ta zaunar da mu ta faɗi gaskiya. In fatar saiwar ta rayu, haƙorin zai zauna kamar bai taɓa fita ba. In wurin da aka goge ya mutu da yawa, haƙorin zai iya mannewa da ƙashi. Yarinya za ta yi ta girma ta bar shi a baya, daga ƙarshe a rasa shi.

"Yaya za a gane?" in ji Baba.

"Da hoto, da kuma kunne. Nan da wata biyu zan ƙwanƙwasa shi da ƙarfe. Lafiyayyen haƙori amonsa a dushe yake, saboda akwai abin da ya yi masa matashi. Wanda ya manne kuwa ƙara yake yi, siririya, kamar an taɓa ƙarfe."

A nan yayata ta faɗo ɗakin, mayafi a hannu. "Awa biyu! Awa biyu kacal nake bar muku yarinya, ku biyu, manya!" Ta rungume 'yarta tana kuka tana faɗa. Zomanya ta yage baki ta nuna mata wayar tana alfahari.

Wata biyun nan sun yi tafiyar agogon da ke neman a wana shi. Baba ya sauke agogon tsuntsu ya kife shi a cikin kabad. Zomanya ta ce ai ba laifin tsuntsu ba ne, ta yi ta mita har ya mayar da shi, amma ƙasa-ƙasa, daidai tsawonta. Ta buɗe 'yar ƙofar ta leƙa. Ta ce ba abin da yake yi a ciki, zaune kawai yake kamar Anti Shiru.

Baba kuwa ya koma ƙwanƙwasa abubuwa. Da gindin sukundireba yake bin teburi, gilashi, kofi, ƙofar kabad, yana karkata kai. Wata rana na shigo na tarar da shi a gaban madubi yana ƙwanƙwasa nasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Ya gan ni ya yi kamar yana sakace.

Ni kuma kifayen rufi sun daina ɗauke ni. In na zauna a lungu, saiwar nake gani, can cikin duhun dasashi, tana laluben bango da ƙananan zaruruwa kamar tsiron da aka dasa yana neman ƙasa. Gefe ɗaya yana kamawa. Ɗaya gefen kuma, inda buroshin ya bi sau biyu, nakan tsaya in yi ta kallo ban ga komai ba.

Wata la'asar, ba kowa a shagon sai mu biyu, na ce, "Baba, na sani tun kafin ka ɗauki buroshin. Na kasa magana ne."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da ɗaure bayan wani agogon hannu, ya kara a kunne, ya ajiye. Na ɗauka bai ji ba.

Ranar komawa mu huɗu muka je. An riga an cire wayar tun mako na biyu. Likitar ta ɗauki sabon hoto, ta ɗaga shi a haske ta daɗe tana kallo, ta ce ba ta ga abin tsoro ba tukuna. Sannan ta juya ƙaramin madubinta na ƙarfe, ta riƙe shi ta kai, gindin yana sama.

"Likita," in ji Baba, "a taimaka a kashe fankar nan."

Aka kashe. Ya matso kusa da kujerar, ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa kumatun Zomanya. Sai ya yamutsa fuska, ya kwance agogon hannunsa ya miƙo mini. "Riƙe. Yana cika mini kunne." Ban taɓa ganin wuyan hannunsa babu agogo ba. Fatar wurin fara ce, mai laushi kamar ta jariri.

Likitar ta taɓa haƙorin da bai faɗi ba. Tuk, tuk. Ta taɓa wanda ya faɗi. Tuk, tuk.

Ni ban ji bambanci ba, amma kunnena ba abin dogaro ba ne, zuciyata ta cika shi. Yayata ta toshe baki da mayafi.

"Sake," in ji Baba, ido a rufe.

Ta sake. Wannan, sannan wancan. Ɗakin ya yi tsit har ina jin agogon yana bugawa a cikin tafin hannuna.

Baba ya buɗe ido. "Ɗaya ne."

"Ni ma haka na ji," in ji likitar. "Amma ba mu gama ba. Za ku riƙa kawo ta har shekara, da bayanta ma. Wani lokaci jijiyar ciki takan so aiki daga baya."

"Za mu kawo ta. Ranar da kika ce, a kan minti."

Zomanya ta ture madubin da harshe. "To yanzu zan iya gatsar tuffa? Na gaji da abincin marasa haƙori irin na Tsoho."

A kan matakalar asibitin yayata da 'yarta suka yi gaba suna gardamar tuffa. Baba yana saukowa a hankali, hannu a kan ƙarfen dafawa. Na miƙa masa agogonsa. Ya tsaya ya ɗaura, ya murza wuyan hannun.

"Shiru-shiru."

"Na'am, Baba."

"Ranar nan kin kusa karya mini hannu."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Gobe in kin ga irin haka, tun kafin in ɗauki buroshi, ki karya."

Ya ci gaba da sauka. Can ƙasa Zomanya ta juyo tana kiranmu mu yi sauri, baki a buɗe, rana tana bugun haƙoran nan biyu, manya, sun fi ƙarfin fuskarta.